Minti Arba'in Ɗin Baba

Wata daga cikinku ta rubuto min cewa da ma Allah ya ba ta 'ya irina, mai kula da lafiyar mahaifinta. Na gode, Hajiya. Ki karanta wannan har ƙarshe tukuna. In addu'ar tana nan, sai ki sake turowa.

Ga wanda yau ya fara leƙo shafin nan: shekarata talatin da ɗaya, ban yi aure ba. Shekara shida na yi a ƙasar waje ina karatun lafiyar al'umma. Kundin da na kammala da shi a kan tafiyar ƙasa ne da hawan keke, yadda suke tsare mutum daga ciwon suga da hawan jini. Shafi ɗari biyu da goma. A can keke nake hawa zuwa aji, ko ana ruwa ko ana sanyi, ba wanda ya taɓa ɗaga kai ya kalle ni.

Da na dawo na sami aiki a ofishin lafiya, tafiyar minti ashirin daga gidanmu. Kwana goma sha ɗaya na yi ina takawa. A na sha biyu wata ƙawar Mama ta hango ni a bakin titi da jaka a kafaɗa. Kafin in kai ofis har ta kira gida tana jaje, wai ko an sayar da motar ne, me ya sa ba a faɗa musu ba. Mama ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata. Tun daga nan na koma mota. Kullum in yi rabin awa a cunkoso, in hau bene, in zauna a kujera mai juyawa, in tsara allunan da ke cewa jama'a su riƙa takawa.

A gida Dakta ake ce min. Ni ba likita ba ce, kuma sun sani. Tsokanar ƙannena ce ta bi ni. Baba kaɗai ke ce min Uwata.

Baba ya yi shekara talatin da huɗu yana hedimasta. Rabin masu motar unguwarmu ya taɓa sa su tsallen kwaɗo. Suga ta kama shi shekara takwas ke nan. Wata uku da suka wuce na raka shi asibiti, likitarsa ta duba sakamakon jini ta girgiza kai.

"Malam, zan ba ka wata uku," in ji ta. "Tafiya minti arba'in kowace safiya. In awon ya sauka, ka ci gaba da ƙwaya. In bai sauka ba, sai allura."

Baba ya tsani allura. Muna shirin tashi ya ambata, kamar mai ba da labarin wani, cewa ƙafarsa ta hagu takan yi sanyi. Likita ta ce za ta sa sunansa a layin hoton jijiyoyin ƙafa, layin yana da tsawo, in mun dawo sai a yi. Sannan ta jawo aljihun tebur ta ciro takarda mai gida casa'in. Kowace rana da gidanta, da wurin rubuta mintuna, da wurin sa hannun wanda ya shaida.

Na gane ta tun kafin ta juyo da ita. Ni na tsara fom ɗin. Ofishinmu ne ya rarraba shi asibitoci.

"Ai ga mai abin a gidanka," Likita ta ce tana murmushi. "Ita za ta riƙa sa hannu."

Na saya masa farin kambas, da safa ƙafa huɗu, da wandon motsa jiki. Ya ɗaga wandon da yatsa biyu.

"Uwata, ni za ki mayar ɗan ƙwallo da furfurata?"

Wandon ya koma leda. Da doguwar rigarsa ya riƙa fita, farin kambas na leƙowa ta ƙasa. Na zana masa hanya: daga ƙofar gida ya wuce kemis, ya kai shataletale, ya zagaya katangar makaranta, ya dawo.

Satin farko ya riƙa dawowa a fusace. Titin namu ba shi da wurin mai ƙafa. Inda ya kamata a taka, mai walda ya baza ƙofofinsa, mai kanti ya jera buhuna, saura kuma kwata ce a buɗe. Dole ka sauka kan kwalta ka yi kafaɗa da masu babur. Wannan duk bai dame shi ba kamar tsofaffin ɗalibansa. Ba ya yin taku ɗari sai mota ta ci burki.

"Subhanallahi, Malam! A ƙasa? Mu muna raye?"

"Likita ce ta sa ni."

"Wace likita ce wannan marar ta-ido? Shigo, Malam, don girman Allah."

Wani ma fitowa ya yi ya buɗe ƙofa ya durƙusa a bakin titi, ya rantse ba zai tashi ba sai Malam ya shiga. Baba ya ce kwana ɗaya ya ƙirga mota bakwai tsakanin kemis da shataletale.

Ina da babi guda a kundina a kan wannan. Na san maganinsa: a sami wanda zai riƙa tafiya tare da shi. In mutum biyu suna tafe suna hira, masu mota kan gane da gangan ne. Ban raka shi ko sau ɗaya ba. Na ce aiki ne. Ƙarya nake. Ƙawar Mama nake tsoro, da ire-irenta.

Yanzu sai Dillali.

Motoci yake sayarwa, waɗanda aka taɓa hawa. Filinsa na dab da shataletale. Shekara ɗaya muna tare. Yana da saurin dariya, ba ya jin tsoron takarduna, kuma shi kaɗai ne namijin da bai taɓa tambayata ko na iya girki ba. Ina son sa. Ba zan tsaya ƙawata muku wannan ba.

Matsalar ita ce shi ma ɗalibin Baba ne.

"Wannan?" Baba ya ce ranar da Mama ta kai masa maganar. "Yaron da ya sayar wa 'yan ajinsu amsar jarrabawa, amsar ma ta ƙarya? Aji guda ya faɗi saboda shi. Yanzu an ce ya koma sayar da mota. Ai sana'ar ba ta canja ba."

"Shekararsa goma sha ɗaya fa a lokacin, Malam."

"Hali ne."

Daga ranar sunansa ya zama Dillali a gidanmu, har ni na kama. Mama kuwa ni ta juyo wa. In ina wanke kwanuka tana tsaye a kaina.

"Ƙannenki biyu suna ɗakunansu. Ta bayanki ma goyo take. Ke kina nan kina ƙirga wa mutane taku."

"Mama, Baba ne ya ƙi."

"To ki san yadda za ki yi da ubanki. Duk karatun nan ba a koya muku dabara ba?"

An koya mana. Ranar da Baba ya cika kwana takwas yana fita, ina zaune a mota a gaban ofis, na tura wa Dillali saƙo.

"Baba yana fita bakwai saura kwata. Ta gaban filinka yake bi. Ka gaishe shi."

"Gaisuwa kawai?"

"Kawai."

"In ya ce in karanto masa sau bakwai fa? Har yau a bakwai sau takwas nake maƙalewa."

"Hamsin da shida."

"Allah ya bar min ke, Dakta."

Kwana huɗu bayan nan muna da taro da sassafe, na fita da wuri. Na zo shataletale sai na ga wata baƙar mota ta fito daga filin Dillali a hankali, farashinta a rubuce da farin alli a gilashin gaba. Baba ne a kujerar mai zaman banza. An kwantar masa da kujerar baya kaɗan. Kofi a hannunsa. Yana dariya har hularsa ta karkace. Rabon da in ga wannan dariyar tun kafin ya yi ritaya.

Na sunkuyar da kai kamar ni ce aka kama. Na taka mai na wuce.

Da azahar na tura saƙo.

"Na gan ku."

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa.

"Ya ce rana ta yi zafi."

"Ƙarfe bakwai na safe?"

"Dakta. Yau ya ce min ɗana."

Na zauna ina kallon kalmar. A bangon da ke gabana akwai allon da na tsara, hoton wani tsoho yana tafe yana murmushi. Na rubuta, "Gobe kar ka ɗauke shi." Na goge. Na rubuta, "Lafiyarsa ce fa." Na goge. Abin da na tura shi ne:

"Kar ka sa masa suga a shayin."

Iyakar abin da karatun shekara shida ya yi wa mahaifina ke nan.

Daga nan abin ya zauna daram. Baba zai fita bakwai saura kwata. Bakwai da minti ashirin da biyar a sauke shi a kwanar kemis, ya tako zuwa ƙofar gida, ya shigo falo yana goge fuskar da ba gumi da hankici. Ni ina teburin cin abinci da mayafina a kafaɗa, makullin mota a hannu. Fom ɗin na manne a jikin firij.

"Uwata, rubuta. Arba'in."

In rubuta arba'in. In sa hannu. Ba ya kallona, ba na kallonsa. Bai san na sani ba. Ni kuwa na bar shi a haka.

Mama ce ke goge masa kambas ɗin ranar Lahadi. Wata rana ta ɗaga shi tana juyawa.

"Kai, Dakta, takalmin nan mai kyau kika sayo. Wata biyu ana taka shi, ko ƙasansa bai ci ba."

"Na waje ne," na ce.

Sai kuma sunan Dillali ya fara shigowa teburin abinci ta bakin Baba. Yau, "Yaron nan ashe yana karanta jarida." Gobe, "Yaron nan shi ke riƙe da ƙannensa huɗu, kun sani?" Wata rana har ya ce amsar jarrabawar nan ma, in aka duba, akwai basira a ciki, yaro ɗan sha ɗaya ya tsara tambaya ashirin da amsoshinsu. Mama ta mintsine ni ta ƙarƙashin tebur har sai da wurin ya yi shati.

Akwai abin da na gani na kau da kai. Baba ya fara yawo da safa a cikin gida, shi da ko silifas ba ya so. Matakala biyun da ke ƙofar falo, sai ya dafa bango yake hawa. Mama ta ce yanzu in zai yi barcin rana sai ya sauko da ƙafa ɗaya daga gado tana lilo. Na ce tsufa ne. Ban tambaya ba, domin tambaya ɗaya za ta jawo ta biyu, ta biyun kuma mota ce.

Ga wanda ya fi duka muni. A taron wata-wata na ofis, shugabarmu ta ce mutane ba sa cika fom ɗin, ko akwai wanda ya cika ko da rabi. Na ɗauki hoton na Baba, na rufe sunan, na haska a bango. Gida saba'in, arba'in arba'in, ba fashi.

"Dattijo ne ɗan shekara sittin da tara," na ce. "In shi ya iya, kowa zai iya."

Aka tafa min. Shugaba ta ce a saka shi a rahoton shekara.

Ranar komawa asibiti Talata ce. Dillali ya zo ɗaukar mu da wata farar mota mai ƙamshin sabon wanki. Ya sa shuɗin yadi, guga har tana yanka. Ya durƙusa ya gaida Mama a ƙofar falo, ta amsa tana kallon silin don kar murnarta ta fito. Baba ya shiga gaba ba tare da an ce masa ba, ya miƙa hannu ya gyara kujerar da kansa. Ya san inda maɓallin yake.

Ni ina baya, fom ɗin a cikin jakata.

"Ranka ya daɗe, yau za a ba ka lambar yabo," in ji Dillali.

"Tuƙi dai, sarkin surutu."

Ta madubi Dillali ya kashe min ido. Na kalli waje.

Ya ce zai jira mu a wurin ajiye motoci. Mun yi awa biyu a kan benci, mutum sun fi sittin a gabanmu da bayanmu. Da aka kira mu, Likita ta ga sakamakon jinin, ta tura tabarau sama, ta sake dubawa.

"Ya hau," ta ce. "Ya hau sosai."

Ta miƙo hannu, na ba ta fom ɗin. Ta bi gidajen da bakin biro, layi layi.

"Malam, ka yi ƙoƙari. Wallahi ka yi ƙoƙari. Ban taɓa ganin wanda ya cika shi haka ba. Ba laifinka ba ne, jikin ne ya daina jin ƙwayar. Za mu fara allura."

Baba ya gyaɗa kai. Ni na ce a raina, to, allura ce kawai. Mutane da yawa na yi. Da ma ƙila can za a je. Har na fara jin numfashina na dawowa.

"Ƙafar fa?" ta tambaya tana rubutu. "Tana damunka?"

"Lafiya lau."

"Ba ciwo in kana tafiya? Ba ka tsayawa ka huta?"

"Babu."

"To alhamdulillahi." Ta jawo wata takarda mai ruwan ɗorawa daga fayil ɗinsa. "Hoton nan da na sa ka a layi, jibi ne ranarka. Amma mutumin da ke taka minti arba'in kullum bai tsaya ba, jini na isa ƙafarsa. Ga kuma sa hannun ƙwararriya. Bari in soke, a ba wani mai buƙata. Akwai masu jiran wata biyar."

Ta ɗora biro a kan takardar.

Zan so in ce muku nan take na yi magana. A'a. Sai da na yi lissafi. Na tuna Dillali a waje da shuɗin yadinsa. Na tuna mintsinin Mama. Na tuna jiya Baba ya tambaye ni, yana kallon talabijin, ko mahaifin yaron nan yana da rai. Duk wannan ya wuce ta kaina kafin biron ya kai rabin takardar.

"Kar ki soke."

Likita ta ɗago.

"Bai taka ba," na ce. Muryata ta fito siririya kamar ta 'yar firamare. "Satin farko ne kawai. Sauran duk a mota yake. Ana ɗaukarsa a shataletale, a sauke shi a kwanar gida."

"Uwata." Baba bai ɗaga murya ba. Da wannan muryar yake tsayar da makaranta guda.

"Na sani tun kwana na goma sha biyu. Ni na rubuta arba'in ɗin. Ni na sa hannu."

Baba ya juyo ya kalle ni, karo na farko cikin wata uku da ya kalle ni da safe ido cikin ido.

"Kin sani?"

"Na sani, Baba."

Likita ta cire tabarau ta ajiye. Ta tura kujerarta baya ta zagayo.

"Malam, cire takalmin hagu."

"Na ce miki lafiya lau."

"Na ji. Cire."

Na durƙusa zan kwance masa igiyar. Ya janye ƙafar. Da kansa ya sunkuya, yana nishi, ya kwance, ya zare kambas ɗin. Safar ta manne, sai da Likita ta jiƙa ta da ruwan gishiri kafin ta fita.

Wari ne ya fara isowa. Yatsu biyu na ƙarshe sun yi baƙi-baƙi kamar an ɗaure su da zare an manta. A ƙarƙashin ƙaramin akwai gyambo, an cusa masa auduga an naɗe da filasta, naɗi mai kyau, na wanda ya saba. Likita ta sa safar hannu, ta danna bayan ƙafar, ta danna gefen idon sawu, ta daɗe tana neman bugun jini. Ta taɓa ta dama, ta dawo ta hagu.

"Tun yaushe?"

"Gyambon wata ɗaya."

"Ciwon tafiyar fa?"

Baba ya kalli kalandar da ke bango.

"Tun satin farko. In na yi minti biyar sai bayan ƙwaurina ya ɗaure, kamar an sa igiya ana ja. In na tsaya ya saki. In na ci gaba ya dawo. Ranar da yaron nan ya fara gaishe ni, a jingine ya same ni da katangar filinsa. Ba rana ba ce. Kasawa na yi."

"Me ya hana ka faɗa?"

"In faɗa wa wa?" Har yanzu kalandar yake kallo. "Yarinyar nan ƙasar waje ta je, shekara shida, ta karanto tafiya. Takardar ma ita ta zana. In zo in ce mata ubanta ya kasa kaiwa shataletale?"

Ina durƙushe a wurin, igiyar takalmin a hannuna. Na so ƙasa ta tsage. Ba ta tsage ba, tayil ne.

"Wa ke wanke maka ciwon?" in ji Likita.

"Yaron. Shi ke sayo auduga a kemis. A ofishinsa yake min, kullum da safe. Ni na ce kar ya faɗa wa kowa. Na sa shi ya rantse."

Likita ta cire safar hannun ta jefa a kwando. Ta koma kujerarta ta fara rubutu da sauri.

"Ba jibi ba, yau za a yi hoton. Kuma gado za mu ba ka."

"Likita," na ce, "yatsun... za su tsira?"

"Da wata uku da suka wuce kika tambaye ni, da na ba ki amsa." Ba ta ɗago ba. "Yanzu ƙafar nake tunani, ba yatsu ba."

Ta ɗauki fom ɗin da yatsa biyu ta miƙo min.

"Mutum nawa ke cika wannan yanzu?"

"Kusan ɗari huɗu."

"Duk 'yan uwansu ke sa musu hannu?"

"E."

Ta gyaɗa kai kawai. Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Nas ta kawo keken marasa lafiya. Baba ya kalle shi kamar an kawo masa makara, sannan ya zauna. Ya ja bakin rigarsa ya rufe ƙafar. Na zagaya baya na kama hannun keken.

"Ba ke ba," ya ce. "Kira min shi."

Na kira. Ko minti biyu ba a yi ba sai ga Dillali a baranda, yana sauri yana kauce wa masu jira. Ya ga keken, ya ga ƙafa ɗaya ba takalmi, ya ga fuskata. Murmushin ya ɗauke. Na tare shi nesa kaɗan da Baba, kusa da tagar karɓar magani.

"Ka san ƙafarsa na ruɓewa," na ce ƙasa-ƙasa.

"Ban san ta kai haka ba. Wallahi na yi ta roƙonsa mu zo asibiti. Ya ce in na sake faɗa, kar in ƙara gaishe shi."

"Wata guda kana wanke masa gyambo. Kullum muna waya. Kullum. Ka tambaye ni me na ci, ka ba ni labarin masu taya mota. Ba ka iya ce min ƙafar ubanki ba?"

"Ya sa na rantse."

"Sai ka zaɓi rantsuwar, don kar ya fasa ce maka ɗana."

Ya kalli takalmansa. Na zaci haƙuri zai ba ni, har na shirya ƙin karɓa.

"Haka ne," ya ce. "Na ji tsoron ya juya min baya. Wannan nawa ne, na ɗauka." Ya ɗago. "Amma Dakta, kin san yana shiga motata. Kwana saba'in da wani abu kin sani. Kullum ina jiran ki ce min, me ya sa? Na ce ranar da kika tambaya, rantsuwa ko ba rantsuwa, zan faɗa miki. Ba ki taɓa tambaya ba."



"Kai, Dillali," Baba ya kira. "Zance kuka zo yi ko tura ni za ka yi?"

"Ga ni, ranka ya daɗe."

Ya je ya kama keken. Nas ta nuna musu hanyar ɗakin hoto, can ƙarshen baranda. Sun ɗan yi gaba sai Baba ya ɗaga hannu, keken ya tsaya. Bai waiwayo ba, amma ya ɗaga murya yadda zan ji, yadda duk masu zaman benci za su ji.

"Ka faɗa wa manyanka su zo su same ni. Ko a gadon asibiti ne. Ina so in ba da ita tun ina da ƙafar tsayawa."

Wata tsohuwa a benci ta ce, "Masha Allah!" Ta kusa da ita ta kama yi min barka. Dillali ya waiwayo yana neman idona. Abin da muka shekara muna nema ke nan, shi da ni. Ban kalle shi ba. Suka sha kwana.

Wayata ta yi ƙara a jaka. Mama.

"Dakta, yaya? Likita ta yaba masa ko? Na ce ai dole ta yaba, mutum kullum a tafe kamar soja. Kin ji ni kuwa? Me ta ce?"

"Mama," na ce, "ki zauna tukuna. Akwai abin da na yi."